Muhawara: a ba 'yan mata The Bell Jar su karanta, ko a cire shi?

Hajiya Binta: Assalamu alaikum. Na ga jerin littattafan da Malama Rukayya ta turo na karatun hutu domin 'yan matanmu da suka gama sakandare, kuma akwai ɗaya da ban amince da shi ba, wato The Bell Jar na Sylvia Plath. Ga wanda bai san shi ba, labarin wata budurwa ce 'yar Amurka, Esther Greenwood, mai shekara 19, haziƙa a makaranta. Ta ci gasar wata mujallar mata aka kai ta New York aikin wata guda a 1953, ta dawo gida ciwon damuwa ya kayar da ita, ta nemi kashe kanta, aka kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa. Littafin ya fito a Landan ranar 14 ga Janairun 1963. Ranar 11 ga Fabrairu, wata ɗaya bai ko cika ba, marubuciyar ta kashe kanta tana da shekara 30, ta bar yara biyu ƙanana. Ni a wurina wannan littafi guba ne ga budurwa, kuma bai dace babba ya miƙa mata shi da hannunsa ba. A cire shi.

Malama Rukayya: Wa alaikumus salam, ranki ya daɗe. Ranakun da kika kawo haka suke. Sai dai kin haɗa mutum biyu kin mai da su ɗaya. Sylvia ta mutu, Esther ba ta mutu ba. Tun a babin farko mai ba da labarin ta gaya mana cewa kyaututtukan da aka raba musu a New York ta daɗe da ɓoye su, sai da ta samu sauƙi ta fito da su, har ta yanke wani ɗan adon roba daga gidan tabarau ta ba jaririnta yana wasa da shi. Kin ga matar da ke magana da mu ta riga ta haye, ta haihu, waiwaye take yi. A babi na 20 kuma, na ƙarshe, mun rabu da ita tana shiga ɗakin da likitoci za su tattauna sallamarta ta koma kwaleji. Labarin wadda ta faɗi ne, aka fara yi mata magani ba daidai ba, daga baya aka yi mata na kirki, ta tashi. Shi ya sa na saka shi.

Abban Sadiq: Malama, ki yi haƙuri, ina bayan Hajiya. Yarinyar da za ki ba littafin nan waya tana hannunta. Minti biyu ya ishe ta ta gano yadda marubuciyar ta ƙare, daga nan kuwa ba za ta ƙara ganin jaririn da kike faɗa ba. Kuma tsoron nan ba mu muka fara shi ba. A 1774 Goethe na Jamus ya fitar da labarin saurayi Werther da ya kashe kansa saboda soyayya, aka yi ta rahoton samari suna kwaikwayonsa har a tufafi, aka hana sayar da littafin a Leipzig da Copenhagen. A 1974 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, David Phillips, ya nuna cewa idan jaridu suka kururuta labarin kisan kai, adadin masu yi yakan ƙaru a bayansa, ya kuma raɗa wa abin sunan Werther ɗin. Ko kwanan nan, Netflix sai da suka yanke wurin kisan kai daga shirinsu na 13 Reasons Why a 2019, shekara biyu bayan fitowarsa. Idan masu neman kuɗi da abin sun ja da baya, mu iyaye fa?

Sista Hauwa: Abban Sadiq, abin da ka kawo gaskiya ne, ba na musu. Aikina ke nan, ina jinya a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuma akwai mutanen da ni kaina ba zan bari littafin nan ya shiga hannunsu ba. Amma binciken bai tsaya a kan Phillips ba. A 2010 masu bincike a Vienna, ƙarƙashin Thomas Niederkrotenthaler, sun gano ɗaya fuskar: labaran mutanen da suka shiga wannan duhu suka kuma samu mafita suna tafiya ne da raguwar kisan kai. Don haka tambayar ita ce, wane irin labari ne wannan? Wanda ke yi wa mutuwa kwalliya, ko wanda ke nuna an fita? Ni na karanta shi, ban ga kwalliya ba. Yunƙurin Esther abin ƙyama ne da wulaƙanci. Ta farfaɗo da fuska a kumbure, ta kalli madubi ba ta gane kanta ba. Babu yarinyar da za ta karanta wurin nan ta ce tana sha'awa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ciwon ya shigo. Ba da ihu ya zo ba, ba da tsince-tsince a bola ba. Barci ne ya fara ƙaurace mata, dare bakwai a jere, ya ci gaba. Ta yi sati uku ba ta wanke kanta ba, kaya ɗaya ne a jikinta, domin ta kasa ganin amfanin wanka yau tunda gobe ma sai an sake. Yarinyar da karatu ne rayuwarta ta buɗe littafi haruffa suka riƙa yi mata rawa. Ta zauna rubuta wa ƙawarta wasiƙa rubutun ya karkace kamar na ɗan firamare. Wallahi irin waɗannan nake gani, kuma yawancinsu sai abin ya yi nisa ake kawo su, don a gida an ɗauka lalaci ne ko miskilanci.

Malam Kabiru: Ni kam duk kun kauce. Hajiya na cewa guba, Sista na cewa littafin asibiti. Ni ban yarda Esther na da wani ciwo ba. Ƙasarta ce ke da ciwo. Ku dubi inda aka ajiye ta. Shekara goma sha biyar tana cin jarrabawa da kyaututtuka, amma uwarta na matsa mata ta koyi saurin rubutu na sakatarori, don ta zauna tana rubuta abin da wani namiji ke faɗa. Saurayinta Buddy Willard, ɗalibin likitanci, ya ce mata waƙa ƙura ce kawai, kuma idan ta haihu ba za ta ƙara son rubuta waƙa ba. Shi ya shafe hutu guda yana lalata da wata ma'aikaciyar otal, ita kuma ana turo mata maƙala a kan kiyaye budurci. Ga bishiyar ɓauren nan ta babi na 7: ta hango kanta zaune a gindin rassa, kowane ɗan ɓaure wata rayuwa ce, wannan miji da 'ya'ya, wancan shahararriyar marubuciya, wancan farfesa, wancan yawon duniya. Zaɓen ɗaya na nufin rasa sauran, ta kasa zaɓa, suka bushe suka zube tana kallo. Wa ya ce dole ɗaya kawai za ta tsinka? Buddy ba a ce masa haka ba. Kuma wannan ba ƙage ba ne. A bikin yaye ajin Plath a Kwalejin Smith a 1955, Adlai Stevenson, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka, ya tsaya gaban matan da suka fi kowa ilimi a ƙasar ya gaya musu cewa gudummawarsu ta matan aure ce da iyaye mata. A Fabrairun 1963, watan da Plath ta rasu, Betty Friedan ta fitar da littafinta a kan baƙin cikin matan gida na Amurka. A toshe wa mutum kowace ƙofa, sannan in ya suma a ce ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace?

Sista Hauwa: Malam Kabiru, maganarka tana da daɗin ji, amma ita ce mafi haɗari a duk abin da aka faɗa yau. 'Yan mata goma sha biyu aka kai New York. Otal ɗaya, mujalla ɗaya, ƙasa ɗaya, takura ɗaya. Doreen ta ci gaba da shagalinta, Betsy ta ci gaba da fara'arta. Esther ce ta daina barci. Takurar tana nan, ban ce babu ba, kuma ta ƙara mata nauyi. Amma ranar da ka gaya wa yarinyar da ta yi sati uku ba ta runtsa ba cewa lafiyarta ƙalau, duniya ce ba ta da kirki, ka hana ta zuwa wurin likita ke nan. Ta jira a gyara duniya? Ba za ta kai ba.

Malam Kabiru: To me ya tayar da ciwon, Sista? Daga sama ya faɗo? A daren ƙarshe a New York wani mutum, Marco, ya kayar da ita cikin taɓo ya nemi yi mata fyaɗe. Ta iso gida, tun a mota uwarta ta sanar da ita ba a ɗauke ta a kwas ɗin rubutun da ta ɗora duk burinta a kai ba. Ubanta ya mutu tana shekara 9, ba a ko bar ta ta je jana'iza ba, sai a babi na 13 ta je kabarinsa ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba. Duk wannan ba dalili ba ne?

Ustaz Aminu: Bari in shiga tsakaninku, don wannan gardama ta girme mu duka. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Khurasan da ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rasuwa ko asara, wanda nasiha da gyaran tunani ke taimaka masa. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili bayyananne ba, ya hana shi walwala da jin daɗin komai, ya ce wannan tushensa a jiki yake, kuma yana buƙatar maganin jiki. Fiye da shekara dubu ke nan. Don haka Musulmi ba shi da hujjar cewa ciwon damuwa ƙirƙirar Turawa ce ko raunin imani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. A nan ina tare da Sista.

Amma ina da tawa matsalar da littafin, kuma ba ƙarama ba ce. Akwai shan giya a ciki. Akwai inda yarinyar ta je aka ba ta abin hana ɗaukar ciki, sannan ta zaɓi wani baƙo, Irwin, ta ba shi kanta da gangan don ta huce haushin Buddy. Kuma daga farko har ƙarshe ba ta da wani abin dogaro a sama da kanta. Mu Suratun Nisa'i aya ta 29 ta ce kada mu kashe kanmu, lalle Allah Mai jin ƙai ne gare mu. Yarinyar da za ta karanta wannan labari ba tare da wanda zai tuna mata da haka ba, ina jin tsoro a kanta.

Malama Rukayya: Allah ya gafarta Malam, ba na kare abin da Esther ta aikata. Amma dubi yadda aka rubuta shi. Daren da Irwin bai ƙare da daɗi ba, ya ƙare ne da zubar jini har sai da aka garzaya da ita asibiti. Daren shan giyar Doreen ya ƙare da ita kwance cikin amai a bakin ƙofa. Littattafan soyayyar da yaran nan ke karantawa a waya, waɗanda babu wanda ya tace, sun fi wannan ƙawata ɓarna nesa ba kusa ba. Batun wanda zai tuna musu kuwa, ai shi ya sa muke da zaure. Ban ce a jefa musu littafi a juya baya ba.

Zainab: Iyayena da yayyena, ku gafarce ni, ni ce ƙarama a nan, amma tunda a kan irinmu ake magana bari in ce wani abu. Na karanta shi ina aji biyu a jami'a, a lokacin da ni kaina ba ni da lafiya. A gida an yi mini rukiyya, an yi hayaƙi, wata gwaggona ta ce sammu ne don ana baƙin cikin karatuna, wani kawuna ya ce aure nake so. Kowa da kyakkyawar niyya. Ni kuma na kasa bayanin abin da nake ji, don babu inda ke mini ciwo da zan nuna da yatsa. Sai na zo wurin da Esther ke kwatanta halinta da zama a ƙarƙashin wata kwalbar gilashi, irin wadda ake kifawa a kan abu a ɗakin gwaje-gwaje, ita ce ma'anar sunan littafin. Kana ganin kowa, kowa na ganinka, amma iskarka ce kawai mai tsami kake ta shaƙa. Ta ce ko a jirgin ruwa aka sa ta, ko Paris aka kai ta, ko Bangkok, duk ɗaya ne, kwalbar na tare da ita. Na ajiye littafin na yi kuka, don na gane abin nan yana da kamanni, wata ta taɓa shiga, ba ni kaɗai ba ce kuma ba tsinuwa ba ce. Shi na nuna wa yayata, ita ta kai ni wurin likita. Ban bar addu'a ba, ban kuma bar magani ba. Na san labarin rasuwar marubuciyar tun kafin in fara, Abban Sadiq, kuma bai ja ni ba. Tsorata ni ya yi, na nemi taimako da wuri.

Hajiya Binta: Allah ya ƙara miki lafiya 'yata, ya sa kaffara ne. Na ji daɗi da kika faɗa. Amma ke ɗaya ce, kuma Allah ya ba ki yaya mai hankali. Wadda littafin ya ja ta ƙasa ba za ta zo zauren nan ta ba mu labari ba.

Kuma akwai abin da ke ci mini rai wanda ba wanda ya taɓo. Yadda aka yi da uwar. Matar nan mijinta ya mutu ya bar ta da yara biyu babu dukiya, ta yi ta koyarwa tana ciyar da su. 'Yarta ta kwanta, ta ɗauko furanni ta kai mata asibiti ranar zagayowar haihuwarta, yarinyar ta jefa su a kwandon shara. Ta gaya wa likitarta, Dakta Nolan, cewa ta tsani uwarta, likitar kuma ta yi murmushi kamar an ba ta albishir. Haba jama'a. Wannan za mu koya wa 'ya'yanmu? Kuma kowa ya san uwar gaske ake nufi. Otto Plath, mahaifin Sylvia, ya rasu a 1940, mahaifiyarta Aurelia ta riƙe Sylvia da ƙanenta Warren da albashin koyarwa a Jami'ar Boston. Ita Sylvia ta san abin da ta yi, shi ya sa ta fitar da littafin da sunan aro, Victoria Lucas, kuma a Ingila. Sai 1966 aka buga shi da sunanta na gaskiya, Amurka kuwa sai 1971, uwar tana ƙi. Har ta tattara wasiƙun da 'yar ta riƙa aiko mata ta buga a 1975, don duniya ta ga cewa akwai ƙauna a tsakaninsu. Ni uwa ce, na san abin da ya sa ta yi haka.

Malama Rukayya: Wannan kam, Hajiya, ba ni da abin da zan kare shi da shi gaba ɗaya. Aurelia ta sha wuya, kuma littafin bai yi mata adalci ba. Abin da zan ce kawai, idon da muke kallon uwar da shi idon marar lafiya ne. Ta cikin gilashin nan kowa a karkace yake: Buddy, maƙwabciya mai yara da yawa, har Philomena Guinea, attajirar marubuciyar da ta biya kuɗin asibitin. A zahiri ma Olive Higgins Prouty ce ta ɗauki nauyin jinyar Plath a asibitin McLean, kuma ita ma ba ta tsira daga alƙalamin ba. Mai karatu mai hankali zai ga cewa ciwon ne ke cinye godiya da tausayi.

Sista Hauwa: Hajiya, ranki ya daɗe, ni wurin uwar nan ne ya sa nake so iyaye mata su karanta, ba ma 'yan matan ba. Ba muguwa ba ce, shi ne abin tsoron. Bayan an jona wa Esther lantarki a kai da sunan magani a asibitin Dakta Gordon, likitanta na farko, ta fito a firgice ta ce ba za ta koma ba, me uwar ta yi? Murna ta yi. Ta ce dama ta san 'yarta ba irin waɗancan mutanen ba ce, ta san za ta yanke shawarar warkewa. Kamar ciwon zaɓi ne. Ba a daɗe ba yarinyar ta yi abin da ta yi. Bayan komai ya lafa kuma uwar ta ce a ɗauke shi kamar mummunan mafarki a manta. Wannan magana ina jin irinta kusan kullum a bakin ƙofar ɗakinmu: a rufa asiri, kada dangi su ji, kada a ce gidan wane akwai hauka. Su ɗauke yarinya kafin ta gama shan magani. Dalilin kuma ɗaya ne, kuma yana cikin littafin. A babin ƙarshe Buddy ya zo asibitin, ya dube ta ya ce yana tunanin wa zai aure ta yanzu tunda ta zauna a nan. Amurka ce ta 1954, amma ku gaya mini wace unguwa ce a garuruwanmu ba a yin wannan tambaya.

Murmushin Dakta Nolan kuwa ba na jin daɗin ƙiyayya ba ne. Yarinyar da ta shafe watanni ba ta jin komai ta buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta. A wurin mai jinya wannan alamar motsi ce.

Abban Sadiq: To ga wata. Kin ambaci lantarki. Littafin ya buɗe da maganar Julius da Ethel Rosenberg, mata da mijin da aka kashe a kujerar lantarki a Yunin 1953 bisa laifin leƙen asiri, Esther tana ta tunanin yadda ƙonewa da rai take. Sai ga shi an ɗaure kanta an sakar mata wuta har tana tambayar wane laifi ta yi. Mutanenmu da ma tsoron asibitin ƙwaƙwalwa suke yi. Wanda ya karanta wannan zai kai 'yarsa asibitin Dawanau ko na Barnawa ko na Kware?

Sista Hauwa: Zai kai idan ya karanta har ƙarshe, domin sau biyu aka nuna maganin. Dakta Gordon yana karɓar dala 25 a awa, bai saurare ta ba, da ta faɗi sunan kwalejinta sai ya kama ba ta labarin kyawawan 'yan matan soja da ya gani a can lokacin yaƙi. Ya jona mata wuta idonta biyu. Dakta Nolan kuwa ta gaya mata cewa ba haka ake yi ba, in an yi daidai kamar barci ne, ta raka ta da kanta har ɗakin, ta kuma tsaya har ta farka. Bayan wannan ne Esther ta ji an ɗaga kwalbar sama da kanta, iska ta shigo. Likitoci biyu, Cerletti da Bini, ne suka fara wannan magani a Rum a 1938, babu allurar barci. Yau ana yinsa ne da allurar barci da maganin sassauta jijiyoyi, da izinin majinyaci ko danginsa, kuma ga ciwon da ya yi tsanani ko ya ƙi jin ƙwayoyi. A 1953 magungunan damuwa da muke bayarwa yanzu ba su ma fito ba, na farkonsu sai wajen ƙarshen shekarun 1950. Allurar insulin da aka yi wa Esther har ta yi ƙiba, da fiɗar ƙwaƙwalwar da aka yi wa Valerie, wata majinyaciya a asibitin, duk an daina su. Mu nan ma doka ta canja. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Malam Kabiru: Kin ga kin dawo kan maganata ba ki sani ba. Injin ɗaya ne, bambancin shi ne ɗaya likitan ya ɗauke ta mutum, ɗayan bai ɗauke ta ba. Kuma da Philomena Guinea ba ta da kuɗi, da a asibitin gwamnati za ta ruɓe. Littafin da kansa ya faɗi haka. Sannan tunda ana lissafa laifukansa, a ƙara da wannan: baƙar fata ɗaya tilo da ya samu fitowa sosai shi ne mai raba abinci a asibiti, ba a ko ba shi suna ba, an zana shi abin dariya, Esther kuma ta shure shi a ƙafa. Yaranmu baƙaƙe ne. Duk wanda zai jagoranci karatun ya tsaya a wurin nan ya yi magana, kada a tsallake.

Malama Rukayya: Na yarda, ba za a tsallake ba.

Hajiya Binta: Har yanzu ba wanda ya amsa mini babbar tambayata. Kun ce Esther ta warke. To ita wadda ta rubuta ai ita ma ta warke a 1954, ta koma Smith ta gama da sakamako mafi daraja, ta samu tallafin karatu zuwa Cambridge, ta auri Ted Hughes a 1956, ta haifi Frieda da Nicholas. Ina warkewar ta kai ta? Kuma a cikin labarin ma ga Joan, abokiyar jinyarta a asibitin, wadda aka ɗauka ta fi Esther samun sauƙi, ita ce ta mutu.

Sista Hauwa: Littafin bai yi alkawarin abin ba zai dawo ba, Hajiya. Esther da bakinta ta ce ba ta da tabbacin kwalbar ba za ta sake saukowa ba wata rana, a kwaleji ko a Turai ko a ko'ina. Gaskiyar ciwon ke nan, yana iya dawowa, shi ya sa muke hana mutane yanke magani da ganin likita don sun ji sauƙi. Jinyar 1953 ta ba Plath kusan shekara goma, a cikinsu ta haifi yaran nan, ta rubuta wannan littafi da waƙoƙin Ariel. Lokacin da ya dawo mata, aurenta ya rabu a ƙarshen 1962, tana ita kaɗai da yara biyu a gidan haya a Landan, cikin sanyin da Ingila ta daɗe ba ta ga irinsa ba, uwarta da likitarta ta dā suna can ƙetaren teku. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne kada a bar wadda ta taɓa kwanciya ita kaɗai in rayuwa ta yi mata zafi.

Ustaz Aminu: Ni matsayina bai canja ba a kan 'yan shekara 16 da 17. Waɗanda suka shiga jami'a, in za a zauna da su ana karantawa ana tattaunawa, ba zan hana ba, kuma zan zo ranar babi na 13.

Hajiya Binta: Ni ban janye ba. A cire shi daga jerin 'yan sakandare. In Malama ta dage, to mu iyaye mata mu fara karantawa, kowace ta yanke wa 'yarta, don ita ta san halin da take ciki.

Malama Rukayya: Na cire shi daga jerinsu a wannan hutun, na mayar da shi jerin manya da 'yan jami'a. Amma Hajiya, ina da shakka a kan cewa kowace uwa ta san halin da 'yarta take ciki. Uwar Esther ɗaki ɗaya suke kwana da ita, gado kusa da gado, kuma duk daren da yarinyar ta kwana ido biyu ita barcinta take yi. Za mu fara da babi na 1 zuwa na 9 ranar Asabar bayan La'asar. Sista, ki taimaka ki zo da lambobin wayar neman taimako da za a iya kira, mu raba wa kowa kafin a buɗe littafin.